Daga Filin Jami'a Zuwa Filin Sana'a: Tarihin Masu Bugun Sanduna a Ƙwallon Amurka

Wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka ana yin akasarinsa ne da hannu da kafaɗa, amma a kowace ƙungiya akwai mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai bugu da ƙafa, kuma sau da yawa ƙafarsa ce ke raba gardama idan wasa ya kai daƙiƙun ƙarshe ba a san maci tuwo ba. Wannan mutum, wanda za a kira shi mai bugun sanduna a cikin wannan bayani, kusan kullum daga wasannin jami'o'i yake fitowa, domin a Amurka jami'a ce ke renon ɗan wasa kafin ya shiga babbar gasar ƙwararru da aka sani da NFL. Saboda haka masu ƙungiyoyi da masu horarwa sun daɗe suna tambayar kansu ko bajintar da matashi ya nuna a jami'a tana bin sa zuwa filin sana'a. Tarihin wannan aiki ya nuna cewa dangantakar da ke tsakanin matakan biyu mai rauni ce, kuma dalilin raunin ya sauya da sauyin zamani: da farko bambancin dokoki da kayan aiki ne ya ruɗi masu zaɓe, daga baya kuma, bayan dokokin sun kusanci juna, ƙarancin bugun da ake auna mutum da shi da ƙarancin haƙurin ƙungiyoyi suka zama tushen matsalar.

Yadda wasan yake da matsayin bugu a cikinsa

Ana yin wasan ne a fili mai tsawon yadi 100, da ƙarin yanki mai yadi 10 a kowane ƙarshe, tsakanin ƙungiyoyi biyu masu 'yan wasa 11 kowace. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu domin ta matsa gaba da yadi 10, kuma idan ta kai ƙwallon cikin yankin ƙarshe na abokan hamayya, abin da ake kira tocidawun, sai ta samu maki 6, sannan a ba ta damar bugu guda na ƙarin maki 1. Idan kuwa tafiya ta tsaya mata kafin ta isa can, tana iya neman maki 3 ta hanyar bugun sanduna, wanda aikin mutum uku ne: na farko ya wurgo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa zuwa baya kimanin yadi 7 ko 8, na biyu ya cafe ya kafa ta a ƙasa, na uku ya buga ta ta haye sandar gicciye mai tsayin ƙafa 10 a tsakanin sanduna biyu da ke tsaye a kanta, kuma duk wannan yana gudana ne cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba.

Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32, kowace da mai bugun sanduna guda, alhali jami'o'in da ke rukunin farko na wasan sun haura 130, ban da ɗaruruwan ƙananan kwalejoji. Tun daga 1936 ƙungiyoyin ƙwararru ke ɗaukar sababbin 'yan wasa ta hanyar zaɓen shekara, wani tsari da ake bi zagaye-zagaye, inda ƙungiyar da ta fi rauni a kakar da ta wuce take fara zaɓa, kuma a yau zagaye bakwai ake yi. Kowane gurbi a zagayen farko ko na biyu dukiya ce mai tsada, domin da shi ake sa ran samun wanda zai riƙe ƙungiya shekaru masu yawa, shi ya sa kashe irin wannan gurbi a kan mai bugu ya kasance babban mataki da ake daɗewa ana tattaunawa a kansa.

Zamanin da bugu bai zama sana'a ba

A farkon tarihin wasan ƙafa ce ke kan gaba. Karawar farko tsakanin jami'o'i, wadda Rutgers da Princeton suka yi ranar 6 ga Nuwamba 1869, ta fi kama da ƙwallon ƙafar da sauran duniya ta sani, kuma ko bayan Walter Camp na Jami'ar Yale ya jagoranci sauya dokoki a shekarun 1880, tsarin maki na 1883 ya ba bugun sanduna maki 5, fiye da abin da tocidawun ke kawowa. A hankali aka juya ma'aunin: aka rage bugun zuwa maki 4 a 1904, zuwa maki 3 a 1909, sannan aka ɗaga tocidawun zuwa maki 6 a 1912, bayan an halatta jifan ƙwallo gaba da hannu a 1906. Salon da aka fi yi a wancan lokaci shi ne bugun saki, wato mutum ya saki ƙwallon daga hannunsa ya buga ta daidai lokacin da ta taɓa ƙasa, kuma gwanin wannan salo shi ne Pat O'Dea, ɗan Ostareliya da ya yi wa Jami'ar Wisconsin wasa, wanda ya ci bugun yadi 62 a kan Northwestern a 1898. Da aka ƙara wa ƙwallon tsini a 1934 domin sauƙaƙa jifa, sai tashinta daga ƙasa ya daina tabbata, bugun saki ya mutu, bugun ƙwallon da aka kafa ya maye gurbinsa.

Muddin doka ta taƙaita canjin 'yan wasa, ba a iya keɓe mutum guda domin bugu kawai, don haka duk wanda ya fi ƙarfin ƙafa a cikin masu kai hari ko masu tsaro shi ake ɗora wa aikin. NFL ta tabbatar da dokar canji ba iyaka a 1950, jami'o'i kuwa sun yi ta kai-komo a kan batun har tsakiyar shekarun 1960. Fitaccen mai bugu na wannan zamani, Lou Groza na ƙungiyar Cleveland Browns, wanda ya yi wasa daga 1946 zuwa 1967 da hutun shekara guda a tsakani, ya shafe mafi yawan shekarunsa yana cikin ƙattin sahun gaba masu kare hari, kuma bai yi wani dogon wasa a Jami'ar Ohio State ba kafin ya tafi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi da tsararrakinsa suna tunkarar ƙwallon kai-tsaye su buge ta da kan yatsu cikin takalmi mai faffaɗan baki, kuma har farkon shekarun 1960 ƙwararrun gasar kusan rabin bugunsu kawai ke shiga. A irin wannan yanayi tambayar ko gwanin jami'a zai zama gwanin sana'a ba ta ma taso ba, domin ba saboda bugu ake ɗaukar kowa ba.

Baƙi da salon gefen ƙafa

Sauyin da ya mayar da bugu sana'a mai zaman kanta ya zo ne daga wajen Amurka. Pete Gogolak, wanda iyalinsa suka gudo daga Hungari bayan juyin juya halin 1956, ya shiga Jami'ar Cornell da salon da ya koya a ƙwallon ƙafar Turai: yana tunkarar ƙwallon daga gefe, ya murɗa ƙugu, ya buge ta da doron ƙafa, abin da ke ba da faɗin wurin haɗuwa da ƙwallon da kuma ƙarin ƙarfi daga juyin jiki. Ƙungiyar Buffalo Bills ta gasar AFL, wadda a lokacin kishiyar NFL ce, ta ɗauke shi a zagaye na 12 na zaɓen 1964, kuma ya yi nasarar da ta sa New York Giants ta NFL ta janye shi a 1966. Wannan ɗauka ta karya fahimtar da ke tsakanin gasannin biyu ta cewa ba za su riƙa ƙwace wa juna 'yan wasa ba, ta hura wutar gasar albashi, ta kuma gaggauta yarjejeniyar haɗewarsu da aka sanar a watan Yunin wannan shekara. A zaɓen 1966 ɗin ne kuma ƙungiyar Washington ta ɗauki ƙanensa Charlie Gogolak na Princeton a gurbi na 6, ya zama mai bugun sanduna na farko da aka zaɓa a zagayen farko, sai dai aikinsa bai kai abin da aka yi tsammani ba.

Bayan 'yan'uwan biyu ƙofa ta buɗe. Jan Stenerud ya zo daga Norwe zuwa Jami'ar Montana State da tallafin karatu na wasan tsallen kan ƙanƙara, aka gano ƙarfin ƙafarsa a can, ya yi wa Kansas City Chiefs wasa daga 1967, kuma a 1991 ya zama mutum na farko da aka shigar zauren girmama gwanayen wasan saboda bugu kaɗai. Garo Yepremian na tsibirin Kubrus ya shiga Detroit Lions a 1966 ba tare da ya taɓa yin wasan a jami'a ba, haka ma Toni Fritsch, ɗan ƙwallon ƙafar Ostiriya da Dallas Cowboys ta ɗauko a 1971. Najeriya ma ta samu wakilci a wannan ayari ta hannun Obed Ariri da Donald Igwebuike, waɗanda suka je Jami'ar Clemson da gogewar ƙwallon ƙafa, suka koma bugun sanduna, daga baya suka riƙe wannan aiki a Tampa Bay Buccaneers ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar shekarun 1980. Mark Moseley, wanda aka zaɓa gwarzon gasar a 1982, shi ne na ƙarshe da ya yi cikakken aiki da tsohon salon kan yatsu, kuma da ya yi ritaya bayan kakar 1986 salon ya bi shi. Abin lura a wannan zango shi ne cewa da dama daga cikin waɗanda suka kafa sana'ar sun kawo gwanintarsu ne daga wani wasa dabam, wanda ke nuna tun da wuri cewa filin jami'a hanya ɗaya ce cikin hanyoyi.

Shekarun da dokoki suka raba matakan biyu

Daidai lokacin da bugu ke zama sana'a, dokokin jami'a da na ƙwararru suka yi hannun riga. A 1959 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta faɗaɗa tazarar da ke tsakanin sandunan zuwa ƙafa 23 da inci 4, alhali na ƙwararru suna nan a ƙafa 18 da inci 6, bambancin da ya kusa kai ƙafa 5. Bugu da ƙari, an yarda ɗalibi ya ɗora ƙwallon a kan wani ɗan mazauni na roba wanda tsayinsa ya kai inci 2 daga tsakiyar shekarun 1960, abin da ke ba ƙafa damar shiga ƙarƙashin ƙwallon cikin sauƙi ta tashi sama da wuri, ta kuma yi nisa, yayin da ƙwararre dole ya buga daga kan ciyawa. A ɗaya ɓangaren, NFL ta mayar da sandunanta daga bakin yankin ƙarshe zuwa bayansa a 1974, ta ƙara wa kowane bugu yadi 10, ta kuma kafa dokar cewa wanda ya buga daga nesa ya ɓarar, abokan hamayya za su karɓi ƙwallon daga inda aka fara yunƙurin. Jami'o'i ba su ɗauki irin wannan hukunci ba sai 1978, don haka kafin wannan shekara mai horarwa ba ya asarar komai idan ya gwada bugu daga tsakiyar fili.

Sakamakon haka aka ga bugu masu ban mamaki a jami'o'i, musamman a jihar Texas da kewayenta. A watan Oktoban 1976 Ove Johansson, ɗan Siwidin da ke Abilene Christian, ya ci bugun yadi 69, kuma a ranar da ya yi hakan Tony Franklin na Texas A&M, wanda ke bugu ba takalmi, ya ci na yadi 64 da na 65 a wasa ɗaya. A 1977 Russell Erxleben na Jami'ar Texas da Steve Little na Arkansas kowannensu ya ci na yadi 67, a lokacin da mafi nisan bugu a NFL shi ne na yadi 63 da Tom Dempsey ya ci a 1970. Ƙungiyoyin ƙwararru suka ɗauki waɗannan alƙaluma da daraja: St. Louis Cardinals ta zaɓi Little a gurbi na 15 a 1978, New Orleans Saints ta zaɓi Erxleben a gurbi na 11 a 1979. Little ya ci 13 cikin bugu 27 kafin a sallame shi a 1980, Erxleben ya ci 4 cikin 8 kacal, ya ƙarasa zamansa yana wani aikin dabam na korar ƙwallo nesa daga hannu, Johansson kuwa wasa biyu ya yi wa Philadelphia Eagles. A cikinsu Franklin ne kaɗai ya yi doguwar sana'a. Darasin bai zauna nan take ba, domin a 1986 Cardinals ta sake kashe gurbin zagaye na biyu a kan John Lee na UCLA, ɗaya daga cikin mafi daidaiton masu bugu a tarihin jami'o'i zuwa lokacin, amma da aka raba shi da mazaunin roba ya ci 8 cikin 13, kuma kaka ɗaya ya yi.

Waɗannan mutane ba su rasa baiwa ba, an dai auna su ne da ma'aunin da ba a amfani da shi a inda za su je. Wanda ya shafe shekara huɗu yana buga ƙwallon da ke ɗage daga ƙasa ya saba da wani kusurwar ƙafa da wani taku, kuma sauya wannan ɗabi'a cikin 'yan makonni, a gaban ƙattin da suka fi na jami'a tsayi da sauri wajen tare bugu, aiki ne da ba kowa ke iya yi ba. Ƙungiyar Saints da kanta ta ga ɗaya fuskar lamarin lokacin da ta ɗauki Morten Andersen, ɗan Denmak daga Michigan State, a zagaye na huɗu na 1982, wanda ya fara da rauni da ƙarancin nasara, amma da aka ba shi lokaci ya yi kaka 25 a gasar, aka shigar da shi zauren girmamawa a 2017.

Bayan dokoki sun kusanci juna

NCAA ta haramta mazaunin roba a bugun sanduna daga 1989, ta kuma matse sandunan zuwa ƙafa 18 da inci 6 a 1991. A 1992 aka ƙirƙiro lambar yabo mai sunan Lou Groza domin gwarzon mai bugu na jami'o'i a kowace shekara. Da alama daga nan alƙaluman jami'a za su zama abin dogaro, kuma an samu misalan da suka ƙarfafa wannan fata, kamar Jason Hanson na Washington State, wanda Detroit ta ɗauka a zagaye na biyu na 1992 ya yi mata kaka 21. Sai dai wasu bambance-bambance sun rage, kuma ba duka ne ke tsananta wa ƙwararre ba. Layuka biyu da ake ajiye ƙwallo a kansu kafin kowane yunƙuri suna da tazarar ƙafa 40 a jami'a tun 1993, alhali a NFL tazararsu daidai take da faɗin sandunan tun 1972, don haka ɗalibi ya fi fuskantar bugu daga karkace, musamman a kusa. Ƙwararre kuma yana aiki da mai wurgowa da mai kafawa waɗanda su ma gwanaye ne, a filayen da aka fi kula da su. A gefen tsanani kuwa, daga 1999 gasar ta keɓe wa masu bugu sababbin ƙwallaye da ake fitarwa daga kwali gab da wasa, masu tauri da santsi, dokar da ba a sassauta sosai ba sai 2025, sannan a 2015 ta mayar da bugun ƙarin maki ya zama na kimanin yadi 33, yayin da na jami'a yake nan a kimanin yadi 20.

Babban misalin wannan zamani shi ne Roberto Aguayo na Florida State. Ya ci lambar Groza a 2013, ya ci 69 cikin bugun sanduna 78 a shekaru uku, bai taɓa ɓarar da ko ɗaya cikin bugun ƙarin maki 198 ba, kuma Tampa Bay ta ba da gurabe biyu domin ta matso gaba ta ɗauke shi a gurbi na 59 a 2016. A kakarsa ta farko ya ci 22 cikin 31, mafi ƙarancin daidaito a gasar, mafi nisan bugunsa bai wuce yadi 43 ba, kuma aka sallame shi a watan Agustan 2017 kafin kaka ta biyu ta fara. Wanda ya duba shekarunsa na jami'a ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa ya ci 21 cikin 22 a ta farko, 27 cikin 30 a ta biyu, 21 cikin 26 a ta uku, wato alƙaluman suna sauka, amma jimillar ta rufe wannan. Kwatanta shi da Sebastian Janikowski, ɗan Poland daga wannan jami'a, wanda ya ci lambar Groza a 1998 da 1999, yana da amfani ƙwarai: Oakland Raiders ta ɗauke shi a gurbi na 17 a 2000, ya ci 22 cikin 32 a kakar farko, kusan daidai da Aguayo, amma ƙungiyar ta riƙe shi, ya yi mata wasa har 2016, ya kuma ci bugun yadi 63 a 2011. Farkon mutanen biyu iri ɗaya ne, kuma daga cikin abubuwan da suka raba ƙarshensu akwai nisan ƙafar Janikowski, wanda babu mai musu a kansa, da haƙurin waɗanda suka ɗauke shi.

A ɗaya gefen akwai waɗanda zaɓen ya tsallake gaba ɗaya. Adam Vinatieri ya fito daga South Dakota State, wadda a lokacin tana ƙaramin rukuni, ya bi ta wata ƙungiya a birnin Amstadam kafin New England Patriots ta gwada shi a 1996, ya ci bugun da ya ba ta kofin gasar a daƙiƙun ƙarshe a 2002 da 2004, ya kuma bar wasa da maki 2,673, fiye da kowa a tarihin NFL. Justin Tucker na Jami'ar Texas ya ci 40 cikin 48 a jami'a, babu wanda ya zaɓe shi a 2012, amma ya ƙwace gurbi a Baltimore Ravens, ya shafe shekaru yana kan gaba a daidaito a tarihin gasar, ya kuma ci bugun yadi 66 a 2021. Brandon Aubrey bai taɓa bugun sanduna a jami'a ba, domin ƙwallon ƙafar duniya ya yi a Notre Dame, ya yi aikin tsara manhajar kwamfuta, ya bi ta wata ƙaramar gasa, sannan ya fara wa Dallas wasa a 2023 da cin bugu 35 a jere.

Abin da ke bin mutum da abin da ba ya bin sa

Dalili na farko na wannan rashin tabbas lissafi ne. Mai bugu a jami'a yakan samu dama kimanin 20 a kaka, kuma wanda ya ci 18 cikin 20 yana da kashi 90 cikin 100, wanda ya ci 16 yana da kashi 80, alhali bugu biyu ne kawai tsakaninsu, waɗanda iska ko mummunar wurgowa ko hannun mai tarewa za su iya bayyanawa. Jimillar kuma tana ɓoye nisa, domin ɗalibin da ke cikin ƙungiya mai ƙarfi yakan yi yawancin bugunsa daga kusa, a wasannin da an riga an yi rinjaye, kuma mai horarwa kan guje wa tura shi inda ya san ƙafarsa ba ta kaiwa. Dalili na biyu shi ne matsewar fagen: matsakaicin daidaito a NFL ya tashi daga kusan rabi a farkon shekarun 1960 zuwa sama da kashi 80 cikin 100 a wannan ƙarni, duk da cewa ana ƙara gwada bugu masu nisa, don haka tazarar da ke tsakanin wanda ake yabo da wanda ake kora ba ta wuce bugu uku ko huɗu a shekara ba.

Dalili na uku shi ne gaggawar yanke hukunci, wadda ke sa ba a ma samun damar sanin gaskiyar mutum. Gurbi ɗaya ne a kowace ƙungiya, babu benci da sabon shiga zai zauna ya koya kamar sauran 'yan wasa, kuma kuskurensa a fili yake ga kowa. Minnesota Vikings ta sallami Daniel Carlson na Auburn bayan ya ɓarar da bugu uku a wasansa na biyu a 2018, sai Raiders ta ɗauke shi ya zama ɗaya daga cikin mafi ƙwarewa a gasar. A 2017 Carolina ta zaɓi Harrison Butker, Cincinnati ta zaɓi Jake Elliott, dukkansu ba su samu gurbi a inda aka zaɓe su ba, kuma dukkansu sun ci kofi a Kansas City da Philadelphia. Younghoe Koo, haifaffen Koriya ta Kudu, an kore shi daga Chargers bayan wasa huɗu a 2017, daga baya ya yi suna a Atlanta. Waɗannan misalai suna nuna cewa bajintar jami'a takan bi mutum, amma sau da yawa sai a ƙungiya ta biyu take bayyana, bayan wadda ta biya kuɗin zaɓensa ta gaji.

Abin da tarihin ya tabbatar shi ne cewa ƙarfin ƙafa, da saurin tashin ƙwallo sama, da tsayuwar salo a kan ƙa'ida guda, su ne suka fi bin ɗan wasa daga mataki zuwa mataki, domin ana iya ganinsu da ido a maimaita gwajinsu sau ɗaruruwa a filin atisaye. Kason nasara da lambobin yabo kuwa 'ya'yan yanayin da aka same su ne, ko faɗin sanduna da mazaunin roba a shekarun 1970, ko ƙarancin dama da gajerun bugu a yau. Wannan ne ya sa tun bayan Janikowski babu mai bugun sanduna da aka sake ɗauka a zagayen farko, kuma yawancin ƙungiyoyi suka koma jiran zagayen ƙarshe ko gayyato mutum biyu su fafata a sansanin horo. Duk da haka, wannan taka-tsantsan rabin gyara ne, domin ƙungiyar da ta fahimci cewa bugu 20 na jami'a ba su isa a ɗaukaka matashi ba, ya kamata ta fahimci cewa bugu biyar na watan farko ba su isa a yanke masa hukunci ba, kuma masu bugun da suka fi daɗewa a tarihin gasar, irin su Andersen da Janikowski, sun kai inda suka kai ne saboda an ba su lokacin da sana'ar ke buƙata kafin ta nuna.